Nakasassun Da Ba Su Da Sarki

Bahaushe mutum ne mai son tsari. Da wuya ka sami wata sana'a a ƙasar Hausa wadda ba a naɗa mata shugaba ba: mahauta na da Sarkin Fawa, maƙera na da Sarkin Maƙera, wanzamai na da Sarkin Aska, manoma kuma na da Sarkin Noma. Tsarin bai tsaya kan masu sana'a kaɗai ba. Hatta waɗanda Allah Ya jarraba da wata lalura a jiki an ba su nasu rawanin, shi ya sa har gobe akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare a Kano da manyan garuruwanta. Hikimar abin a fili take. Magabata sun gane cewa mai mulki ba zai iya jin kukan kowa da kunnensa ba, don haka suka ba kowane rukuni bakin da zai kai kokensa fada.

Sai dai akwai wasu bayin Allah da wannan tsari ya tsallake. Yaron da ya shekara bakwai bai iya zama da kansa ba, ba shi da sarki. Yarinyar da ta isa aure a jiki amma fahimtarta ta 'yar shekara biyar ce, ba ta da sarki. Haka ma saurayin da ba ya magana, ba ya haɗa ido da kowa, wanda ƙarar injin niƙa kan sa ya toshe kunnuwa yana ihu. Abin da muka ba su a madadin sarauta shi ne sunayen wulakanci: dolo, gaula, wawa, ko kuma ɗan ruwa, wato wanda ake zargin aljanu sun musanya.

Abin da nake son kafawa a wannan rubutu guda ɗaya ne. Gwamnatin zamani ta gaji wannan mantuwa, ta kuma yi mata ado da sunan jin ra'ayin jama'a. Duk shekara ana shelar cewa an tuntuɓi al'umma kafin a tsara kasafin kuɗi, amma yadda ake yin tuntuɓar ya toshe hanya ga waɗannan yara da iyayensu mata tun kafin a buɗe taro da addu'a. Zan kafa hujjata da ƙananan hukumomi huɗu na kudancin Kano, wato Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, domin nan ne yankin da aka haife ni, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Su Wane Ne Muke Magana A Kansu?

Wajibi ne a raba zare da abawa, domin mutanenmu kan haɗa wannan lalura da taɓin hankali. Mai taɓin hankali galibi ya taso lafiya, daga baya ciwo ya same shi, kuma magani kan dawo da shi hayyacinsa. Waɗanda nake magana a kansu kuwa tawayar ta shafi ƙwaƙwalwarsu ne tun suna ciki, ko lokacin haihuwa, ko a farkon ƙuruciya, ta yadda zama da tafiya da magana da koyon abu kan zo musu a makare, ko su zo rabi, ko su ƙi zuwa. Kafafen yaɗa labarai kan jefa da yawansu cikin kalma ɗaya, galahanga, alhali lalurori ne daban-daban masu buƙatar kulawa daban-daban. Ita kanta kalmar ladabi da muka aro, "masu buƙata ta musamman", ta zama babban bargo da ake rufe kowa da shi, har a kasa ganin wanda ke can ƙarƙashi.

Da yawa daga dalilan wannan tawaya sanannu ne ga likitoci, kuma ana iya kauce musu. Doguwar naƙuda a gida kan hana jariri numfashi na wasu mintuna, kuma waɗannan mintuna sun isa su lalata ƙwaƙwalwa har abada. Shawarar da kan kama jariri a makon farko, idanunsa da fatarsa su yi ɗorawa, idan ta yi tsanani aka tsaya jiƙe-jiƙe, kan bar yaro da sandarewar gaɓoɓi da kurumta, alhali kwanciya ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske a asibiti kan kawar da ita. Hatta ƙwallon kafur da ake sawa cikin kayan jarirai kan tayar da wannan shawara ga wasu yaran. Sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa da tamowa duk kan bar irin wannan tabo. Wato ke nan, wani kaso na waɗanda muke kira 'yan ruwa ba aljani ne ya musanya su ba, nisan asibiti ne da rashin ma'aikaci.

Ba kuma 'yan tsiraru ba ne. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2023 ya ƙiyasta cewa yara da matasa miliyan 317 ne a duniya ke ɗauke da lalurorin da ke janyo irin wannan tawaya a shekarar 2019. Wani bincike da aka buga a 2018, wanda likita 'yar Nijeriya Bolajoko Olusanya ta jagoranta, ya nuna cewa cikin yara 'yan ƙasa da shekara biyar masu wannan lalura, kimanin kashi 95 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ne, irin tamu. Idan haka abin yake a duniya, babu wani dalilin da zai sa Rantan ko Yako ko Yaryasa ko Zainabi su zama tsibirin da lalurar ta tsallake. Yaran suna nan. An dai sa su a ƙuryar ɗaki ne.

Doka Ta Yi Magana, Kasafi Ya Yi Shiru

Wanda ya ce mana doka muka rasa, bai karanta ba. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2010, yarjejeniyar da ta wajabta wa gwamnati tuntuɓar nakasassu, har da yara, kan duk wata manufa da ta shafe su, ta kuma tabbatar musu da haƙƙin zama cikin al'ummarsu tare da samun tallafi a inda suke. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa nakasassu wariya. Dokar ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta ce makarantun gwamnati su karɓe su tare da tanadin ƙwararren malami, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ce mai tawayar ƙwaƙwalwa a duba shi kyauta a asibitocin gwamnati. An kafa hukumar nakasassu ta ƙasa a 2020. Ita ma jihar Kano ta yi tata dokar nakasassu a 2018, ta shelanta ilimi kyauta kuma dole a 2019, sannan Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a watan Yunin 2024.

To, amma ganin Dala ba shiga birni ba ne. Doka alkawari ce, kasafin kuɗi shi ne cika alkawarin. Duk haƙƙin da ba a rubuta masa adadin naira a gabansa ba, wa'azi ne kawai. A matakin tarayya, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnati ga hukumar UBEC, ita kuma hukumar ta keɓe kashi 2 cikin 100 na wannan kason ga ilimin yara nakasassu. Kashi biyu na kashi biyu ke nan, a raba wa jihohi 36 da Abuja, sannan a raba tsakanin makafi da kurame da guragu da masu tawayar ƙwaƙwalwa. Mai karatu ya lissafa abin da zai iso firamaren Dogon Kawo.

A matakin ƙaramar hukuma kuwa abin ya fi ban takaici. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da gidajen gajiyayyu da marasa galihu, kuma ya jera wannan aiki ne a layi ɗaya da kula da maƙabartu. Ya kuma ba su hannu a ilimin firamare da koyar da sana'a da kiwon lafiya. Shekara da shekaru shugabanninsu na fakewa da cewa kuɗinsu na maƙale a asusun haɗin gwiwa da jiha. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kasonsu kai-tsaye. Ko an aiwatar da hukuncin yau ko sai gobe, tambayar da ta dame ni ita ce: ranar da kuɗin suka iso sakatariyar Bebeji ko ta Riruwai, wa zai zauna a teburin rabo a madadin yaron da ba ya magana?

Taron Da Aka Tsara Domin Masu Baki

Jin ra'ayin jama'a kan kasafi ba baƙon abu ba ne a yau. Nijeriya ta shiga ƙawancen gudanar da gwamnati a buɗe a 2016, Kano na cikin jihohin da suka bi sahu, kuma shirin Bankin Duniya mai suna SFTAS, wanda ya fara a 2018, ya sa tuntuɓar jama'a cikin sharuɗɗan da jiha za ta cika kafin ta sami tallafi. Saboda haka ake kiran tarurruka, majalisar dokoki ma kan yi nata zaman sauraron jama'a. Ban raina wannan ci gaba ba, domin da babu gara ba daɗi. Abin da nake tuhuma shi ne ƙirar taron.

Na taɓa halartar irin wannan zama a wani babban ɗakin taro. An fara a makare, an cinye rabin lokaci wajen gabatar da manyan baƙi, an haska alƙaluma da Turanci a bango, sannan aka ce jama'a su ɗaga hannu. Masu ɗaga hannun kuwa shugabannin ƙungiyoyi ne da 'yan siyasa da masu neman kwangila. Aka roƙi titi da kwalbati da taransifoma da rijiyar burtsatse. Wani dattijo a kan keken guragu ya yi magana mai ma'ana a madadin nakasassu, ya nemi kekuna da sandunan makafi da guraben aiki, aka tafa masa, aka ɗauki hoto. Har aka rufe taro da addu'a babu wanda ya ambaci yaro mai tawayar ƙwaƙwalwa, ko sau ɗaya. Ban ga laifin dattijon ba. Ya faɗi ciwon da ya sani ne, kuma shi ya iya zuwa, ya iya magana, yana da ƙungiya. Ko a cikin nakasassu akwai masu baki da marasa baki.

Yanzu mu tambayi kanmu wadda ta fi kowa sanin wannan ciwo. Uwa ce. Ita ke goya ɗan shekara tara a baya, ita ke tauna masa abinci, ita ke wanke masa jiki, ita ke kwana ido biyu idan farfaɗiya ta tashi. Idan tana cikin matan Tudun Wada masu turara shinkafa, hankalinta rabi na kan tukunya, rabi na kan yaron kada ya faɗa wuta. Idan 'yarta ce ta fara girma, fargabarta ta ninka, domin ta san akwai marasa imanin da ke farautar yarinyar da ba za ta iya faɗin abin da aka yi mata ba. Sau da yawa miji ya ɗora mata laifin haihuwar, dangi sun daina gayyatarta suna da biki, wani lokaci ma auren ya mutu a kan yaron.

A ce wannan mata tana zaune a Riruwai, can kusa da iyakar Kaduna da Bauci. Kafin ta isa taron da aka kira a birni, sai ta sami izinin miji, ta sami kuɗin mota, ta sami wanda zai riƙe mata yaron da kowa ke gudun riƙewa, ta keta dajin Falgore, ta wuce Tudun Wada, ta fito Kwanar Dangora, sannan ta kama hanyar Kano. Idan ta isa, sai ta fahimci Turancin bango, ta ɗaga hannu a gaban ɗaruruwan maza, ta furta a bainar jama'a abin da aka koya mata ɓoyewa tun ranar da ungozoma ta yi shiru. Wanda ya shimfiɗa waɗannan sharuɗɗa sannan ya rubuta a rahotonsa cewa jama'a ba su nemi komai kan wannan lalura ba, ya yi ƙarya ko da kowace kalmarsa gaskiya ce. Ƙofar da aka buɗe a saman bene aka ɗauke tsani, sunanta rufaffiya.

Sakamakon a bayyane yake. Abin da ba a roƙa ba ba ya shiga kasafi, abin da bai shiga kasafi ba ba a kashe masa kuɗi, abin da ba a kashe masa kuɗi ba babu ma'aikacin da ke ƙirga shi, kuma abin da ba a ƙirga ba sai a ce babu shi. Haka ake juyawa kowace shekara kamar jakin da aka ɗaure a turke.

Hujjojin Masu Kare Shiru

Na san amsoshin da za a ba ni, domin na sha jin su.

Na farko za a ce babu kuɗi. Kasafin jihar Kano na 2025 ya haura naira biliyan 700. A ƙananan hukumominmu kuwa ba a taɓa rasa kuɗin fentin sakatariya, ko na motocin shugabanni, ko na taron rabon tallafi da ake kafa rumfuna a gayyato maroƙa ba. Kuma abin da wannan lalura ke buƙata ba ya cikin masu tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya rabuwa da faɗuwa idan suka sami magani a kai a kai, magani mai araha. Fitilar shawara ba ta kai kuɗin mota guda ba. Ita dai hukumar ta tsara wani shiri na horar da iyaye, wanda ma'aikatan lafiya na gari kan koya wa uwa yadda za ta yi wasa da sadarwa da ɗanta, an kuma gwada shi a Habasha da Kenya. Matsalarmu ta fifiko ce, kuma fifiko na bin wanda ya fi ƙarfin murya.

Na biyu za a ce ƙaddara ce, kuma lamarin iyali ne. Na yarda ƙaddara ce, kamar yadda fari da ambaliya da gobarar kasuwa suke ƙaddara, amma ban taɓa jin an hana 'yan kasuwa tallafi da wannan hujja ba. Shari'ar Musulunci ta sauke wa wanda hankalinsa bai cika ba nauyin ibada, ba ta sauke wa al'umma nauyinsa ba. Ta ba shi gado cikakke, ta naɗa masa waliyyi, ta haramta cin dukiyarsa. Mun kuma ga inda barin komai a wuyan iyali ke kai wa. A 2019 an fasa gidajen mari a Kaduna da Katsina, aka fito da ɗaruruwan mutane da sasari a ƙafa, kuma a watan Agustan 2020 'yan sanda a Kano sun ceto mutanen da danginsu suka kulle shekara da shekaru. Duniya ta yi ta la'antar iyalan. Ni ma ban wanke su ba, amma uwar da ta ɗaure ɗanta a turke don ta je ɗebo ruwa, a tambaye ta wane zaɓi aka ba ta kafin a jefe ta.

Na uku za a ce akwai cibiyoyi a birni. Gaskiya ne akwai makarantar Tudun Maliki, wadda ta fi shahara da koyar da kurame da makafi, akwai gidan Torrey, akwai asibitin Dawanau da na ƙashi na Dala da na koyarwa na Aminu Kano. Duk a birni ko gefensa suke. Yaron da ke buƙatar gashin gaɓoɓi kowane mako ba zai amfana da ƙwararren da ke nisan tafiyar yini ba. Abin lura kuma, gwamnati ta san hanyar yankinmu idan ta ga dama. Ta gina madatsar Tiga a Bebeji tun zamanin Audu Bako, tana kai ruwanta har gonakin Kadawa. Ta kafa cibiyar gyaran tarbiyyar matasa a Kiru, saboda matashin da ƙwaya ta ɓata barazana ne ga masu hali. Yaron da ke kwance a tabarma ba ya tsorata kowa, shi ya sa babu wanda ya gina masa komai.

Na huɗu, kuma mafi cin rai, za a ce me matar ƙauye ta sani game da kasafin kuɗi. Matar da ke ciyar da gida da ribar ƙuli-ƙuli, tana zuba adashi, tana ware kuɗin maganin yaro kafin na cefane, ta fi da yawa daga masu zama a ofis sanin kasafi. Ba a neman ta zana jadawali. Ana neman ta faɗi wanne ya fi mata zafi: rashin magani, ko korar ɗanta daga makaranta, ko rashin wanda zai riƙe shi yini guda ta je kasuwa. Wannan ilimi babu jami'ar da ke koyar da shi. Rashin tambayarta ne ya sa ake raba keken guragu ga yaron da bai iya riƙe wuyansa ba, a ba uwa keken ɗinki alhali ba ta da awa guda ta zama a kansa.

Gwamnatin Da Ta San Kowace Ƙofa

Masu cewa ba zai yiwu a bi waɗannan mata har gida ba, su tuna da shan inna. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin saboda jama'a ba su yarda da shi ba, cutar ta bazu har ƙasashen waje. Da aka koma aka saurari mutane, aka jawo sarakuna da hakimai da dagatai da masu unguwanni da malamai, aka ɗauki mata suna shiga gida-gida, sai aka ci nasara. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a jihar Kano an same shi ne a Sumaila, maƙwabciyarmu, a watan Yulin 2014, kuma a watan Agustan 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ita.

Ina ɗaliba na yi wannan aiki na bin gidaje a lokacin hutu. Muna ɗiga magani, muna shafa wa yaro tawada a yatsa, muna rubuta alama da alli a jikin bango. A nan na fara ganin yaran da ba a fito da su ƙofar gida. Takardar da ke hannuna tana da gurbin yaron da aka ɗiga wa, da wanda ba ya nan, da gidan da aka ƙi karɓa. Ba ta da gurbin yaron da ba ya zama, ba ya magana. Gwamnatin da ta iya rubuta alli a kowane bango daga Kofa zuwa Tagwaye ba za ta ce ta rasa hanyar jin uwayen nan ba.

Saboda haka ga abin da nake nema, kuma ba ya buƙatar sabuwar doka. Ƙananan hukumomin nan huɗu suna da mazaɓu 50. Kafin a tsara kasafin kowace shekara, a yi zama na musamman a kowace mazaɓa da iyayen waɗannan yara, mata su jagoranta, a harabar islamiyya ko asibitin sha-ka-tafi, da Hausa, da Fillanci a rugage. Wadda ba ta iya fitowa a bi ta gida, a kuma kiyaye mata sirri. Waɗanda ke iya bayyana kansu cikin masu lalurar a saurare su da bakinsu, ko da maganar za ta ɗauki lokaci, domin kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa. A ba iyayen kujera ta dindindin a kwamitin raya mazaɓa da kwamitin kula da makaranta, waɗanda dama suna nan. A buɗe layi mai suna a kasafin kowace ƙaramar hukuma domin masu tawayar ƙwaƙwalwa, kada a cusa su cikin "tallafi" ko "jin daɗin jama'a" inda kuɗi kan narke ba a gani. Daga ƙarshe, a dawo wa mutane da amsa: ga abin da kuka roƙa, ga wanda aka karɓa, ga wanda aka bari da dalilinsa, a liƙa a bangon sakatariya, a karanta a rediyo. Birnin Porto Alegre na ƙasar Birazil ya fara barin unguwanni su zaɓi ayyukansu tun 1989, maƙwabciyarmu Kaduna ma ta gwada tattara buƙatun al'ummu a rubuce kafin kasafi. Ba mu ne za mu fara ba.

Da gangan na ƙi jera abin da za a saya da kuɗin. Ina da hasashe, kamar ma'aikacin lafiya mai horo a kowace mazaɓa, da malami guda a firamare guda, da haɗa manyansu da masu sana'a su koyi kiwo ko saƙa. Amma idan na yanke musu hukunci daga kan teburina, na zama ɗaya daga cikin waɗanda nake zargi. A tambaye su tukuna.

Kammalawa

Muna da 'yan majalisar tarayya biyu, na Kiru da Bebeji da na Tudun Wada da Doguwa, muna da 'yan majalisar jiha, da shugabannin ƙananan hukumomi huɗu, da kansiloli 50. Kowannensu ya san hanyar gidajen matan nan ranar neman ƙuri'a, domin a layin zaɓe su ne suka fi kowa yawa da haƙurin rana. Wanda ya iya zuwa da atamfa da sabulu ya iya zuwa da takarda da alƙalami. Mu kuma da muka yi karatu muka dawo gida, mu daina jiran a gayyace mu. Mu taimaka wa iyayen su haɗa kansu ƙungiya, mu rubuta musu koke, mu raka su, mu nemi kwafin kasafi mu karanta musu da Hausa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ba rawani nake nema wa yaran nan ba. Zamanin da koke ke isa fada ta bakin sarkin sana'a ya ja baya, yau fadar ita ce teburin kasafi. Ina neman a ajiye kujera a wannan tebur, a zaunar da uwar da ta san ciwon, a rubuta abin da ta faɗa, a sa masa adadin naira, a kuma dawo baɗi a gaya mata inda kuɗin suka shiga. Har sai an yi haka, duk takardar da aka buga wa hatimin cewa an ji ra'ayin jama'ar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, shaidar zur ce, kuma waɗanda aka yi wa zaluncin ba su da bakin ɗaukaka ƙara sai a gaban Allah.